INUWAR GIGINYA: LOKACIN MALAMI NA WANE NE?

A wannan wata muna so mu yi shawara da ku bisa wata tambaya wadda ta shafi kusan kowace ekklesiya, ta birni da ta ƙauye. Ga tambayar: malamin makaranta wanda ya rufe littattafansa ya ce yau ba inda za shi, zai zauna da iyalinsa, ko kuwa ya kwashe su a lokacin hutu su tafi ganin gida, daidai ya yi, ko kuwa ya ci lokacin da ba nasa ba? Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Akwai gidajen malamai da yawa inda 'ya'ya su ke girma ba su san kome na ubansu ba sai ƙeyarsa sa'ad da ya ke fita, da tarinsa sa'ad da ya ke komowa da dare. Akwai kuma malamai waɗanda su ka kwanta ciwo tun ƙarfinsu bai kamata ya ƙare ba. Domin wannan ya wajaba mu auna maganar da kyau.

YININ MALAMI

Bari mu fara duban yadda yininsa ya ke. Ya kan tashi da asuba, a yi 'yar addu'a ta gida a gurguje, ya kama hanya domin kada a buga ƙararrawa ba ya nan. Ya kira rajista, ya ɗauki alli, ya tsaya gaban allo har azahar ta yi. Manufar ilmi ta ƙasarmu ta ce a makarantar firamare malami ɗaya ya riƙe yara 35, amma wanda ya leƙa makarantun garuruwanmu ya sani akwai ajin da ya ninka wannan, wani ma ya wuce ninki. Kowane yaro kuwa yana da littafin da za a duba, a sa masa maki.

In an tashi makaranta, aiki na biyu ya fara ke nan. Wani ya zarce gona in damina ce, wani ya tara yara yana yi musu darasin yamma domin ɗan abin da iyaye za su ba shi, wani ya hau babur ya yi acaba har magariba. Sa'an nan ga ekklesiya tana jiransa. Tun da shi ke shi ne mai-ilmi, shi ne magatakarda, shi ne tafinta in baƙo ya zo wa'azi, shi ne mai-koyar da makarantar Lahadi, shi ne mai-lissafin baiko, wani wuri har shi ne mai-koya wa ƙungiyar mawaƙa. Taron addu'a na tsakiyar mako yana can, taron dattawa yana can, kwamitin gini yana can. Sai dare ya raba ya zauna da fitila yana rubuta shirin darasin gobe.

Malama kuwa nata ya fi haka. Duk abin da mu ka lissafta yana kanta, ga kuma murhu, ga wanki, ga goyo, ga zumuntar mata. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya.

Tun shekara ta 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, ko ɗan lokacin da a da ƙofar gida ta ke tsare wa malami ya tafi. Yanzu hedimasta da iyayen yara da pasto duka suna iya samunsa yana tsakiyar cin tuwo.

Wannan nauyi ba yau ya faro ba. A zamanin makarantun mishan, malami ɗaya ne ya kan zama mai-koyarwa ran Litinin, mai-wa'azi ran Lahadi, mai-rubuta wa mutanen gari wasiƙa kowace rana. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara su ka cika makarantu fiye da yadda aka shirya musu malamai. Aka sake sabunta shirin a 1999, aka yi masa doka a 2004, yara su ka ƙara yawa. Muna murna da wannan ƙwarai, gama ilmi haske ne. Amma kayan da aka ƙara, a kan wuyan mutum ɗaya aka ɗora.

MASU-CEWA HUTU RAGWANCI NE

Akwai 'yan'uwa masu-gaskiya waɗanda za su ce mana, "Ina lokacin hutu? Yara suna cikin duhun jahilci, ma'aikata kaɗan ne, albashi ba ya kai wata. Wanda ya ba da kansa ga aikin Ubangiji ba ya ƙirga sa'o'i kamar ɗan ƙodago." Ba za mu rena wannan magana ba, gama akwai gaskiya a cikinta. Ko da shi ke an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024, duk mai-zuwa kasuwa ya san inda wannan kuɗi ya ke tsayawa. Malamin da ya je gona da yamma ba kwaɗayi ya kai shi ba, bakunan da ke gida ne su ka tura shi.

Akwai kuma wata gaskiya mai-ɗaci wadda dole mu faɗa. Ba kowane malami ne aiki ya yi wa yawa ba. Akwai waɗanda su kan sa hannu a littafin zuwa aiki su sulale kasuwa, su bar yara suna ta surutu a aji. Akwai masu-zaman gindin itace suna taɗi har a tashi. Irin waɗannan kada su ɗauki takardan nan su ce an ba su hujja. Mai-cin albashin aikin da bai yi ba, sata ya ke yi, ko da ba a kama shi ba. Manzo Bulus ya yi wa masu-bi na Tassalunika faɗa mai-zafi a kan zaman banza, faɗan nan kuwa bai tsufa ba. Hutu na wanda ya gaji ne. Maganarmu a nan a kan malami mai-aminci ce, wanda zuciyarsa ta ke kāshe shi duk sa'ad da ya zauna.

ABIN DA LITTAFI YA KOYA MANA

In mun buɗe Littafi Mai-Tsarki za mu tarar hutu ba alfarma ba ce wadda a kan yi wa rago. Doka ce, tana cikin dokoki goma, a jere ɗaya da hana kisankai da hana sata. Ku lura kuma da yadda aka shimfiɗa ta cikin littafi na biyar na Musa, sura 5. Ba maigida kaɗai aka ce ya huta ba. Aka haɗa da ɗansa da 'yarsa, da barorinsa, da baƙon da ke gidansa, har da sansa da jakinsa. Dalilin da aka ba Isra'ilawa shi ne su tuna dā su bayi ne a Masar. Bawa ne ba shi da ranar hutu. Mutumin da ba ya iya ajiye aiki ko da yini ɗaya, ya koma bauta ke nan, ko da aikin mai-kyau ne.

Ku tuna da Musa cikin Fitowa sura 18. Ya zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, shi kaɗai. Surukinsa Yetro ya duba, bai yabe shi ba, sai ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'ar kuma. Ya ba shi shawara ya zaɓi amintattun mutane ya raba musu aikin. Wani abin lura cikin wannan sura shi ne, Yetro ya zo ne domin ya kawo wa Musa matarsa da 'ya'yansa biyu, waɗanda su ke zaune a wurinsa sa'ad da Musa ya ke fama da aikin jama'a. Musa kuwa, da girmansa duka, ya ji maganar surukinsa.

Ku tuna da Iliya cikin I Sarakuna sura 19. Bayan babbar nasara a dutsen Karmel ya gudu jeji, ya karai, har ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan daga baya ya yi magana da shi. Wanda ya halicci jiki ya san iyakar jiki. Mu ma mu kan ce jiki magayi.

Amma labarin da ya fi dacewa da malami yana cikin Markus sura 6. Manzanni sun komo daga aikin da aka aike su, mutane suna ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba. Ubangiji Yesu da kansa ya kira su su keɓe, su ɗan huta. Su ka shiga jirgi. Amma jama'a su ka riga su isa can da ƙafa. Da ya gan su ya ji tausayinsu, ya koya musu, ya ciyad da su. Masu-cewa babu hutu su kan tsaya a nan su ce, "Kun gani?" Mu kuwa muna roƙonsu su ƙarasa surar. Da aka gama, ya sa almajirai su shiga jirgi, ya sallami taron da kansa, ya hau dutse shi kaɗai domin addu'a. Watau akwai ranar da ƙauna za ta sa mutum ya fasa hutunsa, wannan gaskiya ne. Amma Ubangiji ya san lokacin sallamar taro. Malamin da bai taɓa sallamar taro ba, ya ɗora wa kansa abin da Ubangijinsa bai ɗora wa kansa ba.

Waɗanda su ka kawo mana bishara ma sun ga wannan da idonsu. Mutum uku su ka sauka Ikko a ƙarshen 1893 da nufin shiga ƙasar Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu, Bingham kaɗai ya ragu. Waɗanda su ka biyo bayansu ba su rage himma ba, amma su ka gina gidan hutu a Miyango, bisa tudun Jos mai-sanyi, domin ma'aikaci ya je ya mai da ƙarfinsa ya koma bakin aiki. Mun gāji ɗakunan sujada da makarantu daga hannunsu, amma wannan hikima ba mu riƙe ta sosai ba.

NA NESA KA SHA

Hausawa su kan kira wani irin mutum inuwar giginya, na nesa ka sha. Giginya doguwa ce, inuwarta ta kan faɗi can nesa, wanda ke gindinta rana ce ta ke dukansa. Babu wanda wannan karin magana ya ke yi wa barazana kamar malami. 'Ya'yan mutane su sami haƙurinsa da safe, nasa su sami gajiyarsa da fushinsa da dare. Ya san yaron da ba ya iya jimla a ajinsa, bai san abin da ke damun 'yarsa ba. Gari duka na yabonsa, matarsa na haɗiye magana.

A nan ne amsar tambayarmu ta ke. Lokacin malami ba na makaranta kaɗai ba ne, ba na ekklesiya kaɗai ba, ba kuma nasa ba ne shi yi yadda ya ga dama. Amana ce daga Allah, masu-hakki a cikinta kuwa suna da yawa. Amma hakkokin ba ɗaya su ke ba. In malami ya bar aji, ko ba jima ko ba daɗe za a turo wani. In ya sauka daga magatakarda, za a zaɓi wani ran Lahadi mai-zuwa. Amma babu hukumar da za ta turo wa 'ya'yansa wani uba, ko ta turo wa yaran malama wata uwa. Aikin da ba mai-iya yi sai kai, shi ne na fari a kanka.

Domin haka ne Bulus, da ya ke rubuta wa Timothawus halin wanda ya isa shugabanci, ya sa riƙon gida ya zama awo na riƙon ekklesiya. Eli firist ya yi hidima a Shilo har tsufa, amma Allah ya hukunta gidansa domin ya san muguntar 'ya'yansa bai kwaɓe su ba. Hidimar haikali ba ta biya masa bashin gida ba. Icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Shekarun da yaro ya ke son ya bi ubansa gona, ya yi masa tambaya ɗari, kaɗan ne. In sun wuce, ba kuɗin sallama da zai sayo su.

MAGANAR TAFIYA

Yanzu sai mu zo ga tafiya. Malamanmu da yawa ba a garinsu su ke aiki ba. Mutumin Zuru yana koyarwa a Kaduna, mutumin Biliri a Kano, mutumin Kagoro a Bauci. Sa'ad da dogon hutu ya zo bayan zango na uku, ko kuwa hutun Kirsimati, sai gardama ta tashi a gida: a tafi ne, ko a zauna? In za a tafi, maigida kaɗai ne, ko da kowa da kowa?

Ba mu manta da tsadar hanya ba. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta hau, har a 2024 ta wuce naira 1,000, kuɗin mota kuma ya bi ta. Mai-'ya'ya huɗu in ya lissafta kujeru shida zuwa da komowa, ga guzuri, ga tsaraba, sai gabansa ya faɗi. Ga kuma tsoron masu-satar mutane a waɗansu hanyoyi. Ba mu ce kowa ya ci bashi domin tafiya ba, ba mu kuwa ce a jefa yara cikin hatsari ba. Wanda zai tafi shi nemi labarin hanya tukuna, shi tashi da safe, kada shi yi tafiyar dare.

Duk da haka muna cewa tafiyar iyali ba almubazzaranci ba ce. Zumunta a ƙafa ta ke. Waya tana kawo murya, amma ba ta sa kaka ta ɗora jikanta a cinya. Yara da yawa na malamai sun tashi da Hausa da Turanci kaɗai, in an kai su gaban kakanninsu sai a nemi tafinta a cikin gida ɗaya. Ba su san gonar gidansu ba, ba su san kabarin kakansu ba, ba su taɓa jin daga bakin tsofaffi yadda bishara ta shigo garinsu da irin wahalar da masu-bi na fari su ka sha ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Uban da ya kan tafi shi kaɗai kowace shekara domin sauƙin kuɗi, ya riƙe zumuntarsa, amma ya yanke ta 'ya'yansa. Gara a tafi gaba ɗaya sau ɗaya cikin shekara biyu, da a ce shi kaɗai ya tafi sau huɗu.

Littafi ma ya nuna mana iyalai a kan hanya. Elkana ya kan hau Shilo kowace shekara da dukan gidansa. Luka sura 2 ta gaya mana Yusufu da Maryamu su kan tafi Urushalima kowace shekara domin Idin Faska. Daga Nazarat tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kwana da kwanaki a ƙafa, su kuwa talakawa ne, aikin sassaƙa kuma ya tsaya har su komo. Da Yesu ya kai shekara 12 yana tare da su. Tafiyar ba ta rasa damuwa ba, gama sun yi yini guda suna tsammani yana cikin ayari wurin dangi, sai bayan kwana uku su ka same shi a haikali. Wanda ya taɓa neman yaronsa a tashar mota ya san abin da su ka ji. Amma ku lura, cikin dukan shekarun ƙuruciyar Ubangijinmu bayan komowa daga Masar, labari ɗaya tak aka rubuta mana, shi kuwa labarin tafiyar iyali ne.

In gida ya yi nisa, aljihu kuma bai kai ba, akwai tafiya ta kusa. Tafiya mabuɗin ilmi ce, malami kuwa ya fi kowa sanin wannan. Na Jos shi kai yaransa gidan kayan tarihi wanda aka buɗe a 1952, su ga kawunan yumɓu na Nok da idonsu. Na Zariya shi kai su Wusasa su ga tsohon ɗakin sujada na ƙasa, shi gaya musu labarin Likita Miller da aikin juya Littafi Mai-Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Na Kano su hau Dala su dubi birni. Na ƙauye su ɗauki ƙunshin dafaffen rogo su tafi bakin rafi. Abin da yaro zai riƙe har tsufansa shi ne, ran nan babansa bai yi sauri ba.

SHAWARA GA EKKLESIYA DA MALAMAI

Ku dattawan ekklesiya, laifin nan da namu a ciki. Mu kan ɗora wa mutum ɗaya muƙami biyar domin ba ya iya cewa a'a, sa'an nan in ɗansa ya lalace mu ne na fari wajen cewa, "Ɗan malam ne fa!" In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ku bi shawarar Yetro. Yau akwai matasa masu-ilmi a kowace ekklesiya. Ku koya musu rubutun taro da lissafin baiko, ku sauke wa malami. Kada ku sa taron kwamiti kowane maraice. In malami ya ce zai tafi da iyalinsa a hutu, kada a ɗaure masa fuska, a yi masa addu'a, a sallame shi da murna. Ku tuna kuma ran Lahadi, wadda ta ke hutu ga sauran jama'a, ta kan zama ranar aiki mafi nauyi gare shi.

Ku malamai, ku yi aikin makaranta da gaskiya a lokacinsa, domin kada shi bi ku gida fiye da kima. Ku keɓe maraice ɗaya a mako wanda ba na kowa ba ne sai na gida, ku kashe waya, ku ci abinci tare. Ku shiga adashi tun farkon shekara saboda kuɗin tafiya, gama da kaɗan kaɗan a kan cika rumbu. Ku koyi cewa, "Ku gafarce ni, wannan karo ba zan iya ba," gama taura biyu ba ta taunuwa. Kai kuma mijin malama, hutun makaranta ba hutu ba ne gare ta in ka bar mata dukan aikin gida. Ka kama mata.

Wanda ya huta yana shaida cewa duniya ba a hannunsa ta ke ba, a hannun Allah ta ke. Manomi ya kan yi shuka ya je ya kwanta, iri kuwa ya tsiro ba da saninsa ba. Haka aikin koyarwa ya ke. Allah shi ba malamanmu ƙarfi domin aiki, shi ba su bangaskiya domin hutu, shi sa 'ya'yan mutane da nasu 'ya'yan su sha inuwarsu tare. Amin.